Kaset Goma Sha Ɗaya Marasa Suna

Da yardar Allah na kawo wannan babin, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye wa. Na rubuta shi ne saboda maganar da na ji tana yawo a tsakaninku, wai kwamfuta ce ta cire wa uwarku kunya, wasunku kuma su ce Hadiza matar yayanku ce ta matsa min. To ku buɗe kunne: ba kwamfuta, ba Hadiza. Yarinyar da ko tsawa ba ta iya yi wa kaza, ita ce za ta matsa wa mace irina? Abin da na yi ni na yi shi, da yatsuna, idona biyu, kuma zan faɗa muku yadda aka yi don ku daina ƙara masa gishiri.

Yayanku shi ne ɗana na fari. A gidanmu na Bukuru, inda kakanku ya sauka tun zamanin haƙar kuza, mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayata, haka na yi wa nawa, ban taɓa tambayar dalili ba. Goggo Yalwa, yayar mahaifinku, ita ta raine shi, ita ke kiran sunansa har da kirari. Ni kuwa in ina son ya zo sai in ce da ɗayanku, "Kira min wancan." Abin dariyar shi ne shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga tafireta a ofis a Jos. Sunayen da yatsun nan suka buga, na Birom, na Yarbawa, na Ibo, har na Turawan da harshena ba ya iya juyawa, Allah kaɗai ya san yawansu. Amma ko takardar shiga makarantarsa mahaifinku ne ke cikewa.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, yana da shekara talatin da huɗu, lokacin yana aikin duba shanu a wajen Vom. Ya bar Hadiza da 'yarsu Nana. A zaman makoki ban yi kuka a gaban kowa ba, mata suna ta cewa Hajiya akwai dauriya. Dauriyar me? Kunya ce kawai, ita ba ta bi shi kabari ba.

Shekarar da ta biyo baya na yi ritaya, 'yan shekaru bayan an shiga dubu biyu. Zaman banza ba nawa ba ne, sati uku na yi na fara faɗa da labule. Sai idona ya faɗa kan kabad ɗin mahaifinku, Allah ya jiƙansa. Kun san shi da son naɗar murya. Tun da ya sayi rediyo mai kaset ba a sake yin suna ko walimar sauka ko zuwan baƙo a gidan nan ba tare da ya danna jan maɓallin ba. Akwai hirar kakanku a kan ramukan kuza na Naraguta, akwai kaset na bidiyo na bukukuwanku, akwai hotuna cike da gwangwanin biskit. Da na buɗe, danshin daminar Jos ya riga ya fara cinsu, wasu sun yi fumfuna, wasu zaren ya manne. Na sayi kwamfuta, na kira Oga Lasisi, maƙwabcinmu Bayarabe mai shagon gyaran rediyo a bakin kasuwa. Shekara ashirin muna tare yana ce min "kai", na gyara masa har na gaji na haƙura. Shi ya haɗa wayoyin, ya nuna min yadda ake juye kaset ya koma fayil. Bidiyon shi yake juye min a shagonsa ya kawo.

Ranar da ya nuna min abin da ya kama min hankali, na gama sa wa wani fayil suna ke nan ina jin kaina, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan suna na waje ne. Kowa zai iya canza shi, yaro ma zai canza. Kai duba nan, akwai wani a ciki."

Ya danna, sai ga wata 'yar taga ta fito da gurabe: take, mawaƙi, shekara, bayani. Ya ce duk abin da na rubuta a nan yana manne da muryar, duk inda aka kai ta. Ban yarda ba. Na cike guraben, na canza sunan waje na sa shirme, na kwafa a filash, na ɗauki mayafina na taka har shagonsa na ce ya buɗe a tasa kwamfutar. Ikon Allah, ga rubutuna nan, ko ɗigo bai faɗi a hanya ba.

"To ina yake ɓoye shi?" na tambaye shi. "Cikin muryar? In an saurara da kyau za a ji shi?"

"Ba za a ji ba. Kamar tela ya ɗinka sunan mai riga a cikin wuya ne."

Kwana biyu ina juya wannan magana. Na gwada abin da Oga Lasisi bai ce in gwada ba. Na kwafi fayil ɗaya sau biyar in ga ko bayanin zai gaji ya ɓace, bai ɓace ba. Na gano in na rubuta sunan mutum a gurbin nema, na'urar za ta tattaro min duk inda yake, ko da a folda goma ya warwatsu. Kai, da muna da wannan a ofis da ban yi ciwon baya ba. Na tsara abina yadda na saba: shekara a gaba, sai sha'anin, sai wurin. A gurbin mawaƙi nake rubuta duk wanda muryarsa ko fuskarsa ke ciki, har kakanku da bai taɓa rera komai ba a rayuwarsa ya zama mawaƙi. Mahaifinku na rubuta shi Maigida, wannan ba wuya. Kowa ya samu wurinsa, har mai ɗaukar bidiyon da ya leƙo fuskarsa a madubi ranar bikin 'yar uwarku Asma'u. Mutum ɗaya ne in na zo kansa sai in sa waƙafi in wuce. Ban zauna na yanke shawarar haka ba, yatsun ne suke tsallakewa da kansu.

Akwai kuma kaset goma sha ɗaya da shi kaɗai ke magana a ciki. Lokacin da ya tafi bautar ƙasa can kudu bakin teku, maimakon wasiƙa kaset yake naɗa ya ba direbobin da ke kai dankali su kawo. In ya iso, bayan la'asar mahaifinku zai shimfiɗa tabarma, ku duka ku zagaye rediyo, Goggo a tsakiya. Ni kuma sai aikin daka ya taso min a kicin, ko da babu abin dakawa. Da na zo juye su a kwamfuta sai na kashe sifika, na zauna ina kallon koren layin nan yana hawa yana sauka har kaset ya ƙare. Na'urar ta ba su lambobi, na bar su da lambobin. Guraben ciki kuwa fayau, ko shekara ban sa ba.

Ina cikin wata na bakwai da wannan aiki Hadiza ta zo wata safiyar Litinin, ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta. Na riga na san an sa ranar aurenta, mutumin kirki ne, malamin makaranta a Sakkwato, kuma ni da kaina na ce ta tafi da Nana, don ban ga dalilin raba yarinya da uwarta bayan ta rasa uba ba. Ranar Asabar za su tashi.

"Hajiya, alfarma nake nema. Nana ta fara manta muryar babanta. Jiya na tambaye ta yadda yake kiranta, ta kasa tunawa. Ko za a sa mata duk abin da yake ciki a faifai ɗaya, mu tafi da shi?"

Na ce ai wannan ba komai ba ne, har ina ɗan taƙama da aikina. Na tura mata allon rubutun na ce ta buga a gurbin nema. Ta buga sunan mijinta. Na'urar ta ɗan yi tunani, ta ce ba ta sami komai ba. Ta sake bugawa, ko ta yi kuskure. Babu. Sai ta gwada sunan Goggo Yalwa, fayil ya cika allo har ƙasa. Ta gwada nata, ga shi nan. Ta gwada na Nana, ga shi nan. Ta sunkuyar da kai kawai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A nan na ga ramin da na haƙa. Muryarsa ta bayan ya girma Hadiza za ta gane. Amma yaron da ke karanta Fatiha da tsamin baki a walimar wani, da jaririn da ke bayan Goggo a hoto, da wanda ke tsaye na uku a layin 'yan makaranta, wa zai nuna su? Mahaifinku ya tafi. Goggo idonta ya yi hazo, kunnen ma sai an ɗaga murya. Ku kuwa ƙanne ne, ba a haife ku ba a lokacin. Ni kaɗai na rage a duniya da na san wane ne shi a cikin tarin nan, ni ɗin kuma na ƙi faɗa wa na'urar. In na mutu a haka, shi ke nan, ya zama wani yaro a cikin yara.

Kun san halina, in abu ya tsaya min sai na ji tushensa. A yinin nan mutum uku na tambaya dalilin wannan kunya. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce don kada bakin mutane ya kama yaron ne in an ga uwa na ji da shi. Wata ƙawata ta yi dariya ta ce ai ɗan fari shi ne shaidar cewa kin san namiji, shi ya sa ake sunkuyar da kai. Limamin unguwa da na aika a tambaya ya ce shi dai bai gani a littafi ba, al'ada ce, ba laifi a riƙe, ba laifi a bari. Amsa uku, ba wadda ta gaisa da 'yar uwarta. Sai na shiga ɗakin Goggo, na zauna kusa da kunnenta mai ji.

"Goggo, rubutawa da faɗa ɗaya ne?"

"Bakin na wa?"

"Nawa."

"Yatsun fa?"

Na dubi yatsun nawa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ke dai tun kina amarya tambaya ta yi miki yawa. Shekara nawa ina tsare miki mutuncinki, ni na goya, ni na kira, ni na yi kukan da ba ki yi ba. Yanzu da furfura za ki zubar? Rubuta Baban Nana mana. Ina wahala a nan?"

Wallahi na ji daɗin wannan dabara. Kwana biyu na yi ina bin fayil ɗaya bayan ɗaya, duk inda na san yana ciki in buga Baban Nana. Ranar Laraba da Hadiza ta kawo min abinci na nuna mata, na buga a gurbin nema, allo ya cika. Ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ɗauki kwanonta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A can, nan da shekara ɗaya, wani za a riƙa kira Baban Nana."

Gaskiya ta faɗa. Yarinyar za ta girma a gidan wani, ta saba da kiran wani Baba, wata rana ta sa faifan ta ga Baban Nana, kuma wanda ta sani da wannan sunan yana zaune a falo yana shan shayi.

Duk da haka ban sauka ba. Na ce bari in gama da kaset goma sha ɗayan nan tukuna, ko shekara da wata in sa musu. A nan wata matsalar ta fito. Ranar da kwamfuta ta rubuta a jikinsu ita ce ranar da na juye su, duk rana ɗaya, ita ina ruwanta da lokacin da aka yi maganar. Jikin kaset ɗin kuma mahaifinku bai rubuta komai ba, don shi a kansa yake riƙe komai. Ba yadda zan san na farko da na ƙarshe sai na saurara. Safiyar Alhamis, an kwana ana ruwa, garin ya yi sanyin nan mai shiga ƙashi, na rufe ƙofa, na kunna sifika a karon farko.

Ashe yaron nan mai surutu ne. Ban sani ba, a gabana kullum kansa a ƙasa yake. Yana ba da labarin teku, wai ya tsaya awa guda yana jira ya ga inda ruwan ya ƙare. Yana ƙorafin barkonon mutanen can, yana kwaikwayon maganar mai gidan da yake haya, yana tambayar ko akuyar Goggo ta haihu. Da akuyar na gano tsarin: a wannan tana da ciki, a wancan ta haihu, a wani an sayar da ɗan. Ina saurara ina jera su a takarda, har na kama kaina ina dariya ni kaɗai. Wanda ya zama na shida a jerin, ya gama gaishe da kowa da sunansa, sai ya ɗan tsaya, na ji yana danne dariya.

"Goggo, ki gaishe min da matar nan da ke daka a kicin. Na san tana ji. Ku kasa kunne, na tabbata tun da aka kunna kaset ɗin nan taɓarya ta rage sauri. Ki ce mata mai gaisuwar yana da suna, ko ta manta."

Sai ya faɗi sunansa, a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya, ya fashe da dariya.

Na tuna ranar. Na tuna na ji gidan ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har mahaifinku yana tari, na ce a raina ko me yaron nan ya faɗa haka. Ba wanda ya gaya min, don wa zai iya? Kuma ku ji abin da ya fi ci min rai: ban rage sauri ba. Ƙara ƙarfi nake yi, don kada wani ya ce ina saurare. Shi yana can bakin teku yana da tabbacin uwarsa na laɓe tana jinsa, ni kuwa ina nan ina dukan turmi da gaske. Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi a makoki ba, kuka mai sauti, ban damu da wanda zai ji ba.

Da na share fuska na jawo allon rubutun. Harafi shida ne. Ni da nake buga shafi guda ban kalli hannuna ba, sai da na nemi kowane harafi da ido. Na farkon ne mai wuya. Daga nan na bi su duka, na kaset, na bidiyo, na hoto, na goge abin da na sa da farko na rubuta sunansa a ciki inda ba ya faɗuwa, na ƙara da bayani: shi ne na uku daga hagu, shi ne mai karatun Fatiha, yana da shekara huɗu. Kafin la'asar na gama, na kai wa Oga Lasisi ya buga faifai biyu.

Ban ɓoye wa Goggo ba, da bakina na gaya mata. Ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta sake shiga ɗakina ba, in na gaishe ta sai ta amsa wa wanda ke kusa da ni. Ta ce na mai da wahalarta banza. Kada ɗayanku ya ga laifinta. Abin da aka ba ta ta riƙe, ta riƙe shi da amana, kuma ita ta ba yayanku duk abin da ni na hana shi. Wata goma sha huɗu muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har yau wannan yana min ciwo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hadiza ta zo da Nana karɓar faifan. Na ce a gwada shi tukuna, kada a je Sakkwato ya ƙi yi. Na sa shi, jerin ya fito a allo. Nana tana aji biyu lokacin, komai ta gani sai ta karanta, har kwalin sabulu. Ta matso da fuskarta, ta bi layin da yatsa.

"Lah! Umma, ga sunan babana. Ga shi nan kuma. Ga wani!"

Sai ta juyo ta dube ni, irin kallon nan na yara da ba ya da kwana.

"Hajiya, ke kika rubuta? Ashe kin san sunansa? Ban taɓa ji kin faɗa ba."

Hadiza ta kai hannu za ta rufe mata baki. Na ce ta ƙyale ta.

"Na sani mana. Ni na haife shi."

"To faɗa in ji."

Na buɗe baki. Na ce, "Ilyasu."

Ba abin da ya faru. Rufin bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba, Nana ta koma kan allonta tana ƙirga sau nawa sunan ya fito. Ni ce kawai na tsaya cak, kaina a karkace wajen ƙofa. Sai da na ɗan jima na gane abin da nake yi. Jira nake a ce na'am.